Wa Ke Ba Baba Gishiri?

Majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin shan magani, ya kwance abin awo daga hannun tsohon, ya dubi Haula ta saman tabarau. Tansiyo, wato awon hawan jini, ya kai sha tara. Watan jiya sha bakwai ne.

"Wani na ba shi gishiri," in ji shi. "In ba ku gano ko wane ne ba, wata rana tsohon ga zai faɗi, kuma ba lalle ya tashi ba."

Wata huɗu ke nan da aka hana surukin Haula, Malam Hashimu, cin gishiri, kuma ita ke riƙe da tukunyarsa. Mijinta Issouf yana Aljeriya wurin aikin gini. Ranar da zai tafi bai yi mata zancen gida ko awaki ba, cewa kawai ya yi ga Baba nan.

Ta kuwa riƙe amana. Ta ware masa 'yar tukunya tasa shi kaɗai: ba gishiri, ba magi, ba kanwa. Gishirin gidan ma a akwatin kayanta take kulle shi.

Da Issouf ya ji an ce kifi ya fi wa tsoho jan nama, sai ya aiko da kwali guda ta hannun wani direba. Ƙananan gwangwanaye ne, da rubutun da ba wanda ya iya karantawa a gidan. Ya ce anshuwa ake kiran shi, ɗan'uwan sardin ne, shi ma bai taɓa ci ba amma ya ga masu hali na saye. Kifayen sirara ne, ja-ja, a jere cikin mai, ga taushi. Ba su ba ta wahala. Ta soya albasa da tumatir, ta juye gwangwani guda, kafin ta juya ludayi sau uku sun narke, ko ƙaya ba ka gani. Miyar kuɓewa ta karɓe su, shinkafa ta karɓa, har taliya.

Ita dai Haula ba ta shiri da kifi. Daga arewacin Barmou take, dangin uwarta makiyaya ne waɗanda ko kwanon da aka ci kifi a ciki ba su shan ruwa da shi. Da mayafi a hanci take girkin, in ta gama ta wanke hannu da toka. Tsohon kuwa, da a farko yake ture tuwon lami yana ƙunƙuni, ya dawo yana suɗe kwano tas. Ya sa mata albarka, ya nemi ruwa. Bazara ce, sau uku take cika masa gora a yini.

Daga ranar da majo ya yi maganar nan, barci ma bai ishe ta ba. Ta ɗaga tabarmar tsohon, ta zazzage aljihunan rigunansa, har cikin hularsa ta leƙa. Ba komai sai carbi da asuwaki. Ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙon kada a ƙara aiko masa da ko loma. Aka sake awo, tansiyo yana nan inda yake.

Sai hankalinta ya koma kan Alƙasum, abokin Malam tun suna samari, wanda ke sayar da gishirin dabbobi a kasuwar Lahadi. Kullum bayan la'asar yana zaure, su yi ta ƙus-ƙus suna dariya. Tsofaffi biyu na dariya ƙasa-ƙasa, ai ka san da abin da suke ɓoyewa. Haula, da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, ta tare shi a ƙofa.

"Baba Alƙasum, ka yi mini aikin gahwara, ka bar zuwa gidan ga. Kashe shi za ka yi."

Ya dube ta.

"Ni, ɗiyata?"

Ya juya ya tafi. Kunya ta kama ta, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi.

Kwana tara aka yi zauren shiru. Ran na goma da hantsi ta kai wa tsohon ruwa, ta tarar da shi jingine da bango, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Ba ta san lokacin da ta fita titi ba takalmi tana tsayar da adaidaita ba. A asibiti ta kira Issouf. Ya tambaye ta wa ya yi wannan aikin na ba Baba gishiri. Tana kuka ta ce Alƙasum ne, ta kore shi, amma ta makara.

A rana ta uku likita ya ce a gwada ba shi abu mai ruwa-ruwa. Ta ruga gida ta yi masa romon da ya fi so, ta juye gwangwani biyu don ya samu ƙarfi.

Tsohon ba ya iya riƙe cokali, kuma ba kowa a ɗakin sai ita. Matar ɗa ba ta zama kusa da kwanon suruki, balle ta ci a ciki, amma yau ba ranar kunya ba ce. Ta gurfana gefen gado, ta ɗebo, ta miƙa. Ya dubi cokalin, ya dubi fuskarta. Leɓensa ya motsa, magana ta ƙi fita. Hawaye ya gangaro masa, ya kau da kai.

Ta lallashe shi, ta sake miƙawa. Ya datse baki. Mutumin da bai taɓa ƙin romon nan ba. Ko dai ya yi zafi ne?

Ta hura, ta runtse ido don ƙyamar kifi, ta ɗan taɓa cokalin da harshenta, karo na farko tun da ta fara buɗe gwangwanayen nan, sai bakinta ya cika da gishiri zalla.