Na Share Bishiyar Addu'a

Ku masu zuwa kafa tanti a bakin rafinmu, shekara nawa kuna wuce tsohuwar bishiyar nan da ake kira arca kuna kau da kai? Tsummokara sun rufe ta tun daga gindi. Kowa ya yagi ƙyalle ya ɗaura, wai ya bar addu'arsa a nan. Ni da na karanta ilimin gandun daji na kasa yin shiru. Na hau da almakashi, na cika buhu huɗu da tsummokaran.

Inna Burul, mai kula da sansanin, ta ajiye butar shayi.

"Ɗan boko, kakarka ka tuɓe a gaban baƙi?"

"Tsabta ce, Inna. Yanzu za ta sha iska."

Washegari da hantsi muka ji kukan zarto. Na ruga, na tarar da Baba Jumabek mai katako yana gumi.

"Baba, shekararta ɗari bakwai fa!"

"Na sani, ɗana. Shekara talatin ina zagaya ta ina haɗiyar yawu. Wa zai sa zarto a jikin addu'ar mutane? Yau na ga an sauke duka, na ce alhamdulillahi, Allah ya amsa wa kowa."

Kafin azahar ta faɗi.

Saura itatuwa dubu uku. Na yayyaga tantina na ɗaɗɗaura musu, ya ishi goma sha ɗaya kacal. Ranar Asabar ku kwaso tsofaffin rigunanku ku zo mu ɗaura, ko ba ku da abin roƙo!