Rufi ɗaya da mai rantsuwa

Da idona na ga maƙwabcinmu Danjuma ya ɗauke atamfar da aka kawo wa Mama ɗinki, amma ya rantse da aradu ba shi ba ne. Da la'asar hadari ya taso daga wajen unguwar Tsinga. Rufin kwanonmu ɗaya da shi a unguwarmu ta Briqueterie. Na shige ƙarƙashin keken ɗinki, warin man keke ya cika mini hanci.

"Mama, in aradu ta zo masa, tare za mu ƙone."

Ba ta daina taka keke ba. "Yesu ya mutu dominsa shi ma, 'yata. Ubangiji jira yake ya tuba."

Danjuma ya tsufa, atamfa ba ta dawo ba. Har yau in aka yi tsawa gabana yakan faɗi, sai in tuna ana nan ana jiransa.