Zanen da Gilang Ya Mayar

Gilang ya ajiye ƙwayar magani a gefen kofin shayi, kamar yadda yake yi kowace safiya tun ranar da likita a birnin Semarang ya shaida wa Damar yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Amma yau bai ce "haɗiye, tsoho" ba. Ya tsaya yana kallon ruwan sama yana bin gilashin taga.

"Yaya Damar, an sa ranar aurena."

Damar ya ji ɗan ɗakin da suka daɗe suna ɓoye soyayyarsu a ciki ya yi masa faɗi.

"Don ƙanwarka Ratri ta samu hanya? Ai tana iya riga ka aure. Zane kawai za ta kawo maka kamar yadda al'adarmu ta tanada, ka sa mata albarka."

"Ta kawo." Gilang ya sunkuyar da kai. "Ni na mayar mata. Na gaji da kallon da Inna take mini. Zan riƙa zuwa ran Asabar. Ba abin da zai canja."

Damar ya daɗe yana duban yatsun da suka saba miƙo masa kofi.

"Ka je a sake gwada jininka kafin ka shiga ɗakin 'yar mutane. Ba ta yi mana laifin komai ba. Asabar ɗin ma ka bar mata."

"To wa zai riƙa tuna maka da maganin?"

Damar ya ɗauki ƙwayar ya haɗiye ta ba ruwa. Ya bar shayin yana hucewa, ya zari lemarsa a bayan ƙofa, ya fita.