Ƙofar Da Ta Kalli Tsohuwar Rijiya

Naɗe takardun nan tukuna, Sabi'u. Zanenka ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Amma tunda ka ce a birni ka zauna ka zana wa garin nan makaranta da asibiti, alhali rabonka da mu tun rasuwar kakarka, gyara zama in ba ka labarin wani mutum.

An yi wani mai zanen gine-gine, ɗan wani ƙaramin gari, wanda ya tafi birni karatu yana saurayi, birni kuwa ya riƙe shi. Gwani ne, wannan ba gardama. Sai dai tsakaninsa da garinsu sai aike. A yi suna ya aiko, a yi rasuwa ya aiko, ƙafarsa dai ba ta zuwa. A haka furfura ta cim masa, matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gidan birni ya yi masa faɗi. Ana nan sai ƙungiyar ci gaban garin ta tashi gina ɗakin taro da ɗakin shan magani, suka tuna suna da ɗa. Ya ce kyauta zai yi. Suka ce to, ya zo ya duba fili. Ya yi dariya ya ce, "Garin da aka binne cibiyata za a nuna mini?"

Da ka ya zana, bai tako ba. Ya zaɓi gindin durumin da ke kusa da tsohuwar rijiya, domin a saninsa nan ne zuciyar gari: nan mata ke wucewa da tuluna, nan mahauci ke kasa nama, nan dattawa ke hira bayan la'asar. Ya juya ƙofar ɗakin taron ta kalli rijiyar. Ya sa ɗakin magani a gefe, yadda mace za ta ratse daga ɗiban ruwa ba tare da idon maza ya bi ta ba. Sannan ya ja dogon dakali a jikin bango, daidai inda inuwar durumi ke faɗawa da yamma. Wannan dakali shi ne ainihin abin da ke ransa. Can yake hango kansa in ya ajiye aiki, shi da abokan ƙuruciyarsa, ana tsokanar juna har a kira magariba. Gini yake wa gari, amma mazauni yake nema wa kansa.

Abin da bai sani ba, gari ba dutse ba ne, tafiya yake yi. Tun da kwalta ta bi ta yamma aka haƙa rijiyar burtsatse a bakin tasha, mai shayi ya koma can, mahauci ya bi shi, gidaje suka bi mahauci. Tsohuwar unguwa ta zama kufai, har gyaɗa ake nomawa a inda ɗakin mahaifiyarsa yake. Dattawan ƙungiya sun ga zanen, sun kuma ga inda gizo ke saƙar. To amma wa zai faɗa? Abin kyauta ne, mutumin babba ne, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi. Masu iya dubansa su ce "kai, ba haka ba ne" yawancinsu suna maƙabarta. Sai suka yi masa karar da ake yi wa baƙo, suka ce ya yi kyau, Allah ya saka da alheri.

Ran buɗewa gari ya cika wurin, aka yi addu'a, aka ci shinkafa, aka watse. Shi kuma ya tattara komatsansa ya dawo gida gaba ɗaya. Damina ta farko, kwarin da ke tsakanin sabon gari da kufai ya cika da ruwa, mace mai ciki ba ta iya tsallakewa, sai malamin asibiti ya kwashe magungunansa ya koma wani shago a tasha. Taro ma ya koma rumfar da aka saba. Awaki suka gaji inuwar.

Shi dai kullum la'asar sai ya zo ya share dakalin da gefen rigarsa ya zauna. Ya tambayi wane, aka ce ai ya daɗe da rasuwa, kai ne ma ka aiko da buhun gero. Ya tambayi wane, aka ce yana nan, amma ido ya tafi, ba ya fita. Ni abin da ke ba ni tausayi, inuwar ba ta taɓa saɓa masa ba, tana faɗowa daidai inda ya auna mata. Mutanen ne babu.

Wata rana wata mata ta fito daga gona da itace a ka, ta gan shi zaune shi kaɗai a wannan dogon dakali. Ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba, baƙo ne? In gari kake nema, yana can yamma. Nan ba kowa." Ya daɗe yana kallon rijiyar kafin ya ce, "Na gode, 'yata."

Saboda haka ajiye zanen nan, ɗana. Yi mana kwana biyu, ka je gaisuwar da ake binka, ka ci tuwo da mutane har su daina jin kunyarka, su iya ce maka ka yi kuskure. Ba banza Hausawa suka ce ba: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.