Gaisuwar Da Ta Ƙone Albasar Maiturare

"Godiyar mi zan yi, Yaya? Faɗa min in ji."

"Ke dai in sun tambaya ki ce da godiya, ki ja bakinki," in ji Uwaliya. "Kowa haka za ta ce. Ke kaɗai Allah ya yi wa halshe?"

Maiturare na tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya dafe da ƙugu, don tun rani bayanta bai koma daidai ba. Uwaliya kuwa na zaune bisa gado tana ninke atamfar anko. Ita ce shugabar matan ƙungiya a ƙauyensu da ke ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, kuma matar Maccido, wan marigayi mijin Maiturare.

Ga yadda abin ya faro. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ta zo da shirin ɗaga mata, ta ba mata su ashirin injin ban ruwa guda ɗaya da tiyo da irin albasa, kowace da fangalinta a fadama. Maiturare ta fi kowa murna, don marayu huɗu take ci da su. Ta yi dashe, albasa ta kama, ganye ya miƙe kore shar.

Ana nan sai Maccido ya aiko a ba shi aron inji na kwana biyu, shinkafarsa na jin ƙishi. Wa zai hana mijin shugaba? Kwana biyun nan har yau ba su cika ba. Daga gonarsa inji ya wuce ta ƙaninsa Mode, daga nan ta abokinsa, mata na kallo daga nesa kamar motar da ba ta tsayawa garinsu.

Da labari ya zo masu duba aiki na tafe, sai ga inji ya dawo. An wanke shi har da sabulu, abin da wuyan Maccido bai gani ba tun sallah. Anka jera mata da anko, anka zaunar da su bisa tabarmi a gindin darbejiya. Baƙuwa Baturiya ce mai takarda a hannu, ba ta jin Hausa. Maccido, da ya taɓa yin aji uku na sakandare a Wurno, shi ya zama tafinta.

Baturiya ta tambaya ko mata na samun injin a lokacin da suke bukata, kuma wa ke riƙe da shi. Maccido ya gyara hula ya ce, "Tana gaishe ku. Ta ce ina aiki?"

To, wace 'yar mutunci ce za a gaishe ta ta kawo ƙara? Mata ashirin sunka haɗa baki, "Aiki da godiya."

Ya juya ya gaya wa baƙuwa sun ce komi na tafiya daidai, suna godiya. Ta rubuta, ta yi murmushi, ta ɗauki hoto. Ko fadama baƙuwa ba ta taka ba, wai rana ta yi zafi. Motarsu ba ta kai kwalta ba inji ya koma bisa jakin Mode.

Maiturare ta koma ɗibar ruwa da bokiti, safe da marece, daga bakin gulbi zuwa fangali. Sati uku tana yi, ran nan ta duƙa ta kasa miƙewa, sai ɗauko ta anka yi. Kafin ta tashi daga jinya albasa ta ƙone ƙurmus. Babbar ɗiyarta Habi ta bar makaranta ta koma yi wa mutane surfe.

Asirin tafinta kuwa Uwaliya ce da bakinta ta tona shi a gidan suna, tana yabon wayon mijinta, ba ta san ƙanwar Maiturare na bayanta tana raba goro ba.

Yau ga baƙi za su dawo duba na ƙarshe. In sun rubuta komi lafiya, shiri ya rufe ke nan, inji ya zama na Maccido har abada.

"Ki yi tunani," in ji Uwaliya, ta sassauta murya. "In kin tona, ƙila su ɗauke injin ɗungum. Garin ga duka ke za a zaga. Kuma Malam Maccido uban ɗiyanki na."

"Uban ɗiyana na, shi ya sa Habi ke surfe gidan mutane?"

"To da wane Turancin za ki gaya musu? Shi dai za ya fassara."

"Ba ni cewa komi. Hannun Baturiyar zan kama in kai ta fadama, ko rana na tsaga dutse. Ta ga fangalina, ta ga shinkafarku, ta rubuta abin da idonta ya gani."

Can sai ga ƙugin mota daga hanyar Goronyo. Uwaliya ta miƙa mata atamfa. "Ungo, ɗaura ki rufa mana asiri."

"Ki ba Malam ya ɗaura, shi da injin nai."

Ta fita, ta bugo ƙyauren kwano har kwanukan jere sunka amsa.

'Yan uwana mata, in an zo duba abin da anka ba ku, gaisuwa daban, tambaya daban. Kunyar da za ta bar ɗiyanki da yunwa ba mutunci ba ce. Ku kuma masu duba aiki, ku zo da mai jin halshenmu wadda ba ta da gona a garin, ku taka har fadama.