Ranar da Aka Kammala Faifan Ƙarshe

A ɗakin ɗaukar sauti, Dogo ya kunna wa matar marigayi abokinsa faifan ƙarshe na ƙungiyarsu, wadda ta fara kawo waƙar hip hop garin. Muryar marigayi mijinta ta cika ɗakin, yana jero baiti yana dariya. Ta jira hawaye, ba su zo ba.

Dogo ya rage sauti, yana murza hularsa a hannu.

"Maman yara, daga yau ƙungiya ta watse. Ni dai... aurenki nake so, in kin amince."

Ta dube shi kamar mai kallon bango. Mutumin kirki ne, ta sani.

"Ba ƙin ka nake yi ba, Dogo," ta ce a hankali. "Na leƙa zuciyata ban tarar da kowa ba. Har shi."