Shingen Malam Bohush

"Kawar da wannan tarkacen, Inna Hermina, kina zubar mana da mutunci!" in ji Malam Bohush, yana nuna shingen da ta saƙa da tsumagu.

Shekara talatin yana koyar da Latin a birni, ya dawo ƙauyenmu yana hura hanci. Ya kewaye gidansa da katako, ko allura ba ta ratsawa.

"Kin san vietor ɗinmu, wato iska a harshenmu, a Latin 'masaƙin kwando' yake nufi? Ina za ki sani! Saƙa aikin wanda boko ya ƙi ne."

"Bar wa iska ƙofa, Malam," ta ce.

Ran Laraba iska ta gangaro daga dutsen Tatra. Ta ratsa shingen Inna ta wuce abinta. Na Malam kuwa ta yi ƙasa da shi warwas.

Muka leƙa. Tsakar gidansa cike da jiƙaƙƙun tsumagu da karkatattun kwanduna, babu mai gindin zama ko ɗaya.

Inna ta ɗaga guda, ta taɓe baki.

"Ashe hannu ba ya jin Latin. Zo gobe da wuƙarka, ɗalibi."